Yardar Iyaye da Aikin Rigakafi a Arewacin Nijeriya

Kafin ɗigon rigakafi ya shiga bakin yaro, ko allura ta shiga cinyarsa, sai abubuwa uku sun haɗu. Maganin ya iso gari da sanyinsa, bai lalace a hanya ba. Ma'aikacin lafiya ya kai inda yaron yake. Sannan mai gida da uwar ɗa su yarda. Na farko da na biyu aikin kuɗi ne da motoci da firiji. Na ukun kuwa kuɗi ba ya sayen sa, kuma ta hanyoyi biyu ake neman sa. Ɗaya ita ce a sa mutanen gari cikin aikin tun daga tsara shi, mai unguwa da liman da ungozoma su san ranar da za a zo, da wanda zai zo, da abin da ya kawo shi. Ɗayar ita ce bayyana haɗari: a gaya wa iyaye abin da cutar take yi wa yaro da abin da allurar kan iya haifarwa, kowanne daidai girmansa, a kuma tsaya a ji abin da suke tsoro.

Inda aka yi sake da waɗannan, ƙididdiga takan tona asiri. Binciken lafiyar iyali da aka yi a faɗin Nijeriya a 2018 ya gano cewa kashi 31 cikin ɗari ne kawai na yara masu wata 12 zuwa 23 suka samu dukkan alluran farko, kashi 19 kuma ba a taɓa yi musu ko guda ba. A jihar Anambara kashi 76 sun kammala, a Sakkwato kashi 5. Maganin iri ɗaya ne, kuma a ƙa'ida kyauta ne a duka wuraren biyu. Wannan tazarar ake nufi idan ana batun adalci a rigakafi, wato kada garin da aka haifi yaro, ko aljihun ubansa, ko karatun uwarsa su zama su ne za su yanke ko ƙyanda za ta same shi a buɗe.

Babu cutar da ta koya wa ma'aikatan lafiya wannan sha'ani a ƙasar Hausa kamar shan inna. Ƙwayar cutar tana fita ta bayan gida, ta shiga ruwa ko abinci ko hannun da ba a wanke ba, ta faɗa cikin wani yaron. Yawancin waɗanda suka ɗauke ta ba sa nuna wata alama. Kusan ɗaya cikin 200 ne take shanye wa ƙafa ko hannu, kuma idan ta shanye babu maganin da zai mayar. Saboda haka yaro ɗaya da aka gani yana jan ƙafa alama ce cewa ƙwayar ta riga ta zaga unguwa. Mutanen da sun ɗauki abin a matsayin aikin iska, don yaro yakan kwanta da zazzaɓi ya tashi ƙafa ta mutu, ba tare da an ga abin da ya taɓa shi ba. A 1988, lokacin da ƙasashen duniya suka ƙudiri aniyar kawar da cutar, tana nakasa yara kimanin 350,000 a shekara a ƙasashe 125. Dabarar da aka ɗauka ita ce bin gida gida, ana ɗiga wa duk ɗan ƙasa da shekara 5 ɗigo biyu a baki, zagaye bayan zagaye.

A 2003 aikin ya ci karo da bango. Majalisar Ƙoli ta Shari'a, ƙarƙashin Dokta Datti Ahmad, wanda shi kansa likita ne, ta ce tana zargin an gurɓata maganin da sinadarin hana haihuwa da ƙwayar ƙanjamau, ta nemi a dakata har a bincika. Jihohin Kano da Zamfara da Kaduna suka dakatar. Sauran biyun ba su daɗe ba suka dawo, amma Kano, a zamanin Gwamna Ibrahim Shekarau, ta kai kusan wata 11.

Zargin ba gaskiya ba ne, gwaje-gwaje ba su tabbatar da shi ba. Sai dai wanda ya tsaya a nan, ya ce jahilci ne kawai, bai fahimci abin da ya faru ba, kuma jami'ai da yawa a nan suka tsaya a farkon lamarin. Shekara bakwai kafin haka, a 1996, annobar sanƙarau ta kama mutane sama da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 11,000. Ana cikin wannan hali kamfanin Pfizer na Amurka ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan a kan yara a Asibitin Cututtuka Masu Yaɗuwa na Kano. Yara 200 aka sa a gwajin, kusan rabi aka ba su sabon maganin, sauran aka ba su wani da aka sani. Goma sha ɗaya suka rasu, wasu suka nakasa. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, iyaye kuma suka ce ba a taɓa gaya musu gwaji ake yi da 'ya'yansu ba. Shari'a ta ja har 2009, aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. Trovan ba rigakafi ba ne, maganin kashe ƙwayoyin cuta ne, amma uban da ya binne ɗansa ba ya wannan rarrabewar. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. A ƙara da cewa tun 1988 gwamnatin soja ta fito da manufar ƙayyade haihuwa a kan 'ya'ya huɗu ga kowace mace, abin da bai kwanta wa mutanen Arewa ba, ga kuma yaƙin Iraƙi da Amurka ta fara a watan Maris na 2003. A irin wannan yanayi, jita-jita ba ta buƙatar hujja mai ƙarfi.

Akwai kuma wata tambaya da masu bin gida suka sha ji a bakin zaure, wadda ta fi jita-jitar nauyi. Magidanci zai ce: «Ɗana ya yi zazzaɓin cizon sauro na kai shi asibiti, aka rubuta mini magani na je na saya. Ƙyanda ta kashe yara a unguwar nan ba wanda ya leƙo. Rijiyar burtsatse ta lalace shekara guda. To me ya sa wannan kaɗai ne kyauta, har ana bin mu da shi gida?» Tambayar mai hankali ce. Amsarta ta ilimi tana nan: shan inna na cikin 'yan cututtukan da za a iya shafe su daga doron ƙasa baki ɗaya, kamar yadda aka yi wa agana, shi ya sa duniya ta zuba kuɗi a kanta. Amma wannan amsar ba ta sauke zazzaɓin yaron da ke kwance a ɗaki.

Dakatarwar ta yi tsada. Cikin shekara uku, ƙwayar da asalinta Nijeriya ne ta ɓulla a ƙasashe kusan 20 da suka riga suka rabu da cutar. Ta ƙetara Nijar da Chadi, ta kai Sudan, ta haye Bahar Maliya zuwa Saudiyya da Yaman, ta dangana da Indonesiya a 2005. A gida kuma, yaran da ta nakasa a 2006 sun haura 1,100. Saudiyya ta sharɗanta wa maniyyatan Nijeriya shan ɗigon, har a filin jirgi ana ɗiga wa dattawa, abin da ya sa alhazai da yawa suka dawo da wani tunani dabam.

Yadda aka warware rikicin shi ne abin lura. Ba a ci nasara da tsawa ko barazana ba. An tura tawagogi, da malamai da likitoci a ciki, suka je ƙasashen waje suka ga yadda ake haɗa maganin da gwada shi. Kano ta amince da wanda aka sarrafa a Indonesiya, ƙasar da ta fi kowace yawan Musulmi, aka koma aiki a ƙarshen Yulin 2004. A watan Oktoba na shekarar, Shugaba Obasanjo ya ɗiga wa ƙaramar 'yar gwamnan a bainar jama'a. Sarkin Kano Ado Bayero ma ya riƙa fitowa yana ɗiga wa yara da hannunsa. A ilmance maganin Indonesiya bai bambanta da sauran ba. Abin da ya bambanta shi ne, a wannan karon mutanen da jama'a suka sani sun je sun gani da idonsu.

Janye dakatarwa a gidan gwamnati abu ne na rana ɗaya, amma a zaure ya ɗauki shekaru. Daga 2006 aka fara haɗa ɗigon da wasu abubuwa: sinadarin bitamin A, maganin tsutsar ciki, sabulu, wani lokaci gidan sauro. A 2009 aka kafa kwamitin sarakunan Arewa kan kiwon lafiya a matakin farko, da jagorancin Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar. Amfanin sarauta a nan shi ne tsaninta. Magana takan sauko daga sarki zuwa hakimi, zuwa dagaci, zuwa mai unguwa, wanda ya san kowane gida da wanda aka haifa a cikinsa makon jiya. Gidan da aka ƙi buɗe wa baƙuwar ma'aikaciya, idan mai unguwa ya yi sallama da yamma ya zauna a kan tabarma, sau da yawa akan fito da yaran. Sai dai sarauta tana da kaifi biyu. Inda aka yi amfani da ita wajen tsoratarwa, aka ce za a kama uban da ya ƙi, mutane sukan koyi dabara: a ɓoye yara a ɗaki ko a tura su gona, ko a roƙi ma'aikaciya ta shafa wa yaro tawada a ɗan yatsa ba tare da ta ɗiga masa komai ba. Takarda ta nuna an yi, yaron kuwa yana nan yadda yake.

Abin da ya fi sauya lamarin, a ganin masu nazarin aikin da yawa, mata ne. Namiji baƙo ba ya wuce zaure a gidan kulle, kuma yarinya 'yar makaranta da aka ɗauko daga wata unguwa ba ta da bakin da za ta yi wa uwar 'ya'ya shida bayani. Daga 2012, da tallafin UNICEF, aka fara ɗaukar dubban mata daga cikin unguwanninsu, kowace aka ba ta gidajen da za ta kula da su. Ba ranar rigakafi kaɗai suke zuwa ba. Sukan rubuta masu juna biyu, su tura su awo, su halarci suna, su yi maganar shayarwa da wanke hannu da haɗa ruwan gishiri da sukari. Matar da ta zo barka ta zo suna, ranar da ta zo da maganar ɗigo ba baƙuwa ba ce. Waɗanda cutar ta nakasa su ma sun shiga aikin, irin su Aminu Ahmad Tudun Wada na Kano da ƙungiyarsa masu ƙera kekunan guragu. Magidanci zai iya musu da likita, amma da wuya ya yi musu da mutumin da ya turo kekensa har ƙofar gida ya ce masa: «Dubi ƙafata, kada ka bari ɗanka ya zama haka.» An kuma buɗe sansanonin lafiya na kwana ɗaya ko biyu a unguwannin da aka fi ƙi, inda ake duba zazzaɓi da gudawa da hawan jini kyauta, ɗigon yana gefe. Wannan ita ce amsar tambayar nan ta bakin zaure, ta zo a makare amma ta zo.

Aikin ya ci rayuka. Ranar 8 ga Fabrairun 2013, 'yan bindiga suka harbe mutum tara masu aikin rigakafi, mata, a wurare biyu a birnin Kano. Kwanaki kaɗan kafin haka wani gidan rediyo ya watsa shiri da ya farfaɗo da tsohon zargin, har aka kama ma'aikatansa. Ko da wa ya kitsa harin, lamarin ya nuna nauyin da ke kan mai riƙe da makirufo a ƙasar da rediyo ke rataye a wuyan manomi da ƙahon keken mai tallan itace. Duk da haka matan suka ci gaba da fita. A 2012 yara 122 cutar ta nakasa a Nijeriya, fiye da rabin na duniya baki ɗaya. A 2013 suka koma 53, a 2014 suka koma 6.

Bayan shekara biyu ba a ga ko ɗaya ba, sai a watan Agustan 2016 cutar ta sake ɓulla a Borno. Iyayen waɗannan yara ba ƙin rigakafi suka yi ba. Suna zaune ne a yankunan da rikicin Boko Haram ya hana kowa shiga shekara da shekaru. Sai da aka haɗa da sojoji da 'yan ƙato da gora, aka kafa wuraren ɗigo a tashoshin mota da ƙofofin sansanonin gudun hijira, aka kuma samu mutanen cikin yankunan da ke kawo rahoton duk yaron da ƙafarsa ta saki. Ranar 25 ga Agustan 2020 aka ayyana cewa nahiyar Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali.

Abin da ya faru a Borno yana faruwa a ƙananan sifofi ko'ina. Idan aka bi sawun yaran da aka tsallake a zagaye, sau da yawa dalilin shi ne ba a same su a gida ba, ko tawagar ba ta kai wurin ba sam. Rugar da ke bayan rafi ba ta cikin taswirar ma'aikata. Makiyayi ya tashi da garkensa ya bi burtali, yau yana Nijeriya gobe yana Nijar, don haka sai an bi ta hannun arɗo, an tari iyalinsa a mashaya ko ranar kasuwar shanu, kuma ƙasashen biyu su daidaita ranakun zagayensu. Ƙananan almajirai suna tsangaya, iyayensu na wani gari, izini yana hannun alaramma. A cikin birni ma akwai unguwannin da suka tsiro a bayan gari ba asibiti ba hanya. Nijeriya tana da yara sama da miliyan 2 da ba a taɓa yi musu allurar yau da kullum ba, tana cikin ƙasashen da suka fi yawansu a duniya. Rubuta irin waɗannan a layin «sun ƙi» zalunci ne, kuma yana ɓatar da mai neman gyara.

Ɓangaren bayyana haɗari shi ne aka fi yi wa riƙon sakainar kashi, alhali ba ya cin kuɗi. Allurar da ake yi a mako na 6 da na 10 da na 14, mai kare yaro daga cututtuka biyar, takan sa zazzaɓi da kuka da ɗan kumburi a cinya na kwana ɗaya ko biyu. Ta tarin fuka da ake yi bayan haihuwa takan yi ɗan ƙurji a dantse, ya fashe ya bar tabo. Duk wannan alama ce jiki yana karɓar maganin. Uwar da aka gaya wa tun kafin ta tashi daga benci, idan dare ya yi jikin yaro ya yi zafi, za ta shayar da shi, ta rage masa kaya, ta dawo bayan wata guda. Wadda ba a gaya wa ba, mijinta da bai yi barci ba zai ce kada a sake kai masa ɗa, kishiya da maƙwabta kuma su ji labari kafin azahar. Haka nan dole a faɗi alamun da ba na wasa ba, irin su wahalar numfashi, kumburin fuska, suma ko jijjiga, waɗanda ba safai suke faruwa ba amma suna buƙatar a koma asibiti nan take. Ma'aikacin da ya ce «ba ta da wata illa ko kaɗan» ya sayi sauƙin minti ɗaya da yardar gida guda. Wanda kuma ya daka wa mace tsawa don ta makara ko ta ɓatar da kati, ya kore ta, ita da duk wadda za ta ba labari.

Akwai gaskiyar da ta fi wannan wuyar faɗa. Tun bayan sanarwar 2020 mutane suna tambaya: an ce an gama, me kuma ya dawo da ku? Ɗigon baki yana ɗauke da ƙwayar cutar mai rai wadda aka raunana. Yaron da ya sha yakan fitar da ita a bayan gida na ɗan lokaci. Inda yawancin yara suka sha, a nan take mutuwa. Inda da yawa ba su sha ba, takan yi ta yawo daga wannan ciki zuwa wancan tsawon watanni har ta sake yin ƙarfi, ta shanye ƙafar yaron da ba shi da kariya. A 2021 irin wannan ta nakasa yara sama da 400 a Nijeriya, kuma a shekarar ce ƙasar ta zama ta farko da ta fara amfani da sabon ɗigo da aka ƙera don ya fi wuyar rikiɗa. Wasu jami'ai suna gudun wannan bayani don kada a juya shi. Amma labarin yana intanet, kuma wanda ya fara jin sa ta saƙon murya a WhatsApp, an yanke rabinsa an ƙara masa gishiri, ba zai sake yarda da wanda ya ɓoye masa ba.

Shekarun bin gida gida sun bar wani rashin fahimta da sai daga baya ya fito fili. Iyaye da dama sun ɗauka yaron da aka ɗiga wa a ƙofar gida ya gama rigakafi. Ɗigon nan kuwa daga shan inna kaɗai yake karewa. Ƙyanda da shawara da sanƙarau allurarsu a wata 9 take, ƙyanda a ƙara a wata 15, kuma sai an je asibiti ko wurin da ma'aikata suka yi sansani. Annobar mashaƙo da ta tashi daga ƙarshen 2022, ta fi tsanani a Kano cikin 2023, ta kama dubbai ta kashe ɗaruruwa, akasarinsu yara, kuma mafi yawansu ba su kammala allurar makonni 6, 10 da 14 ba. Wannan ya sa saƙon yanzu ya koma kan katin rigakafi da ranar dawowa, kuma ake neman maza da shi a masallaci da majalisa da tashar mota, tunda izinin fita da kuɗin abin hawa a hannun mai gida suke.

Sababbin alluran suna fuskantar tsofaffin tambayoyi. A watan Oktoban 2023 Nijeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar kariya daga ƙwayar da ke haddasa sankarar bakin mahaifa. Allura ce ta mata zalla, a shekarun da ake dab da maganar aure, don haka zargin hana haihuwa bai ɓata lokaci ba ya dawo. Bayanin da ya kamata ya riga allurar isa gari shi ne, cutar tana cikin sankarar da ta fi kashe mata a ƙasar, allurar tana aiki ne idan an yi ta kafin a haɗu da ƙwayar, kuma ba a yi wa manya ne saboda lokacin da ta fi amfani ya wuce. Wurin yin ta ma abin dubawa ne. Idan aka tsaya a makarantun boko kaɗai, za a yi wa 'yan matan da iyayensu suka fi hali, a tsallake masu talla da waɗanda ke Islamiyya da na ruga, waɗanda su ne idan cutar ta kama su nan da shekara ashirin ba za su iya biyan kuɗin gashi a asibitin koyarwa ba.